Masu Jiran Ayu Ya Ɗago Hanci

Akwai wani tsuntsu mai ruwan ƙasa, mai dogayen ƙafafu, girmansa bai wuce na tattabara ba, da ke sauka garke-garke a fadamun ƙasar Kabi idan ruwan damina ya fara janyewa. Manomin shinkafa a Kalgo ba ya ko ɗaga kai ya dube shi, sai fa in ya ga yana tsince hatsin da ya zube. Turawa na ce masa ruff. To irin wannan tsuntsun da ba wanda ya damu da shi a nan, shi ne masu hoto ke kashe kuɗin jirgi su tafi ƙuryar arewacin Norwe, yankin Varanger, cikin Mayu da Yuni, su kwana a ɗan tanti kan ƙasa mai sanyi don su same shi. Dalili kuwa, kafin ya isa can ya sake kaya. Namijin yakan fitar da tulin gashi a wuya da ka, na wani fari, na wani baƙi, na wani ja, da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Sai su taru a fili guda suna tsalle suna hura wuya, mata na zagayawa suna zaɓe. Can suke aure, can suke ƙwai. Nan wajenmu suke cin abin da zai ba su ƙarfin ƙetare Sahara su koma. Watannin da yake yi a arewa an ɗauke su a hoto har an gaji. Waɗanda yake yi a fadamunmu, waɗanda suka fi yawa ma, hotonsu bai taka kara ya karya ba.

Idan aka ce mai hoto a Gwandu ko Birnin Kebbi, abin da ke zuwa rai shi ne na biki da suna da hawan sallah. Wannan ma gwani ne, amma yana da gata ɗaya: abin da zai ɗauka yana jin magana. Ya ce a gyara hula, a matso, amarya ta ɗago kai, a yi. In bai fita ba a sake. Mai ɗaukar tsuntsun ruwa ko dorina ko ayu ba shi da wannan. Ba ya ba da umarni, ba a kuma sake masa. Don haka aikinsa duka ya tattara ne a kan abu guda, wato ya san inda dabbar za ta kasance da abin da za ta yi kafin ta yi shi. Wanda ya jira sai ya ga abu ya faru sannan ya danna, ya riga ya makara.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a ɗaukar dabbobin tekun ƙanƙara shi ne Paul Nicklen, ɗan Kanada, wanda mujallar National Geographic ta daɗe tana buga aikinsa. Ana yawan maganar kyamarorinsa da yadda yake nutsewa ƙarƙashin ƙanƙara. Abin da ni ya fi jan hankalina shi ne inda ya tashi. A tsibirin Baffin ya girma, cikin mutanen Inuit, mafarautan da ke iya tsayawa sa'o'i a kan ramin ƙanƙara ba motsi, suna jiran dabbar ruwa ta leƙo shan iska. A wajensu ya koyi karanta ƙanƙara da sanyi da halin dabba, kyamara daga baya ta zo. Mu ma muna da irin waɗannan malamai, ba mu dai ɗauke su malamai ba ne. Basarke da ya tsufa a kan Neja wajen Yauri, ko Bakabe masunci a Argungu, yana duban fuskar ruwa ya gaya maka abin da ke ƙasa. Ya san kwarin da dorina ke wuni da hanyar da take bi ta hau tudu kiwo da dare. Ya san tsibirin yashin da dinya ke sauka da hantsi. Duk matashin da ya sayi kyamara ya nufi gulbi bai fara durƙusawa gaban irin wannan dattijo ya ce, "Baba, ina suke kwana?" ba, zai sha rana a banza.

Dabarar kusantar ma ba baƙuwa ba ce. Maharbin Hausa na dauri yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar namun daji ba su farga ba. Abin da mai hoto ke yi ke nan, sai dai shi in ya gama kowa na nan da ransa. Ba ya miƙewa tsaye, don tsuntsu ya san siffar mutum a tsaye tun daga nesa. Ba ya nufar su kai tsaye, sai ya riƙa karkacewa, ba ya kuma zuba musu ido. In suka ɗaga kai gaba ɗaya suka daina ci, sai ya daskare har su koma kiwo. Mafi sauƙi ma, ya riga su zuwa: da an sallame Asuba yana bakin tafki, ya kafa 'yar bukkar karan dawa ko ya shige cikin ciyawa, gari ya waye su tarar da shi kamar kututture.

Bari mu tsaya a kan hoto ɗaya mu ga abin da ke cikinsa. A ce zalɓe ne tsaye a bakin ruwa a fadamar Kalgo cikin Disamba, mai hoto na son ya kama shi daidai lokacin tashi, fukafukai a buɗe, ruwa na ɗiga daga ƙafa.

Tun kafin ya zauna ya riga ya yi lissafi biyu. Na farko rana: yana son ta a bayansa, haskenta ya faɗa kan tsuntsun, har ɗan ƙyallin nan ya fito a ƙwayar ido, don hoton dabbar da idonta ya mutu ba shi da rai komai kyansa. Na biyu iska. Babban tsuntsu yana fuskantar iska ne in zai tashi ko zai sauka, saboda ita ke ɗaga shi. Ke nan in iska na bugun ƙeyar mai hoto, tsuntsun zai taso yana fuskantarsa. In tana bugun fuskarsa, wutsiya kawai zai samu. A nan Allah ya yi mana sauƙin da mutanen Norwe ba kullum suke samu ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, rana kuma daga gabas take fitowa, saboda haka da safe wanda ya zauna a gabashin tafki yana duban yamma ya haɗa biyun a bayansa. Da la'asar lissafin ya rushe, rana ta koma yamma iska na nan inda take. Shi ya sa a wannan lokacin na shekara safiya ce kasuwar.

Sai ya kwanta rub da ciki a laka, kyamara kusan daidai da fuskar ruwa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana nuna tsuntsu a ƙasa, tarkacen laka da kashin shanu kewaye da shi. Wanda aka ɗauka ido da ido yana narkar da bayan ya zama launi kawai, mai kallo ya ji kamar shi ma cikin ruwan yake.

Kyamara tana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga ta rufe. In ta daɗe a buɗe, duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Don tsayar da fiffike a iska ana bukatar ta buɗe ta rufe cikin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, ƙananan tsuntsaye masu sauri kuwa sai kashi 1 cikin 2,000 ko abin da ya fi haka. To amma iya gajartar lokacin, iya ƙarancin hasken da zai shiga, ga shi da sassafe hasken ma bai ƙosa ba. Dole ya ƙara wa kyamarar kaifin jin haske, ita kuma in an matsa mata sai ta cika hoton da ɗigo-ɗigo. Ciniki ne ake yi kowane minti, rana na hawa farashi na sauyawa, gwani kuma yana murɗa maɓallan ne da yatsa ba tare da ya cire ido daga tsuntsun ba. In belbela ce maimakon zalɓe, akwai ƙarin tarko. Kyamara takan ga duhun ciyawar da ke baya ta ƙara haske, sai farin gashin ya ƙone ya zama fari fat, ba zane ba layi, kuma babu kwamfutar da za ta dawo da abin da ya ƙone. Sai an rage hasken da hannu tun kafin a danna.

Duk wannan shiri ne. Aikin na gaske shi ne gane cewa zai tashi. Zalɓen zai daina duban ruwa, ya miƙe wuya, ya juya ƙirji wajen iska. Sau da yawa yakan yi kashi. Sannan ya ɗan durƙusa. A kan wannan durƙuson ake fara dannawa, ba a kan buɗe fiffike ba. Wanda bai ɓata safiyoyi yana kallon zalɓe ba kyamara a hannu ba, ba zai ga durƙuson ba sam.

Kowace ƙasa da abin da take yi wa kayan aiki. A tsibiran Svalbard da arewacin Norwe sanyi ke shanye batir, har sai an riƙa ɓoye na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. In aka shigo da kyamara mai sanyi ɗaki mai ɗumi sai ta yi gumi har cikinta, don haka akan ƙulle ta a leda tun a waje, a bar ta ta yi ɗumi a hankali. Masu bin orka, waɗannan manyan dabbobin teku masu fari da baƙi da ke bin garken kifi zuwa mashigin ruwan Skjervøy daga Nuwamba zuwa Janairu, suna aiki ne a lokacin da rana ba ta ma fitowa sosai, sai ɗan wayewar sa'o'i kaɗan. Mu namu ciwon ƙura ce da zafi. Wanda ya kwance gilashin kyamara a fili cikin hazo zai ga tabo a kowane hoto har sai an wanke cikinta. Da rana ta take kuma, hucin da ke tashi daga yashi da ruwa yakan sa iska rawa, dogon gilashi mai milimita 500 ya tattaro wannan rawar duka ya zuba a hoton. Mutum ya yi ta zargin hannunsa ko kayansa, alhali iska ce. Sai dai hazo ba mugu ba ne gaba ɗaya. In bai yi kauri ba yakan tausasa rana, ya tsawaita kyakkyawan hasken safe, ya ba da wani ruwan zinariya da ba a saye.

A kwalekwale madogarar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani, don duk girgizar jirgi ta cikinta take hawa. 'Yar jakar gero da aka ɗora a gefen jirgin ta fi ta, gilashi ya kwanta a kai ya lafe. Matuƙin kuwa rabin mai hoton ne. Shi zai kashe inji tun daga nesa, ya bar ruwa ya kai su, ya juya jirgin da filafili ba tare da ya buga katako ba.

Dorina ba abar wasa ba ce, mutanen Yauri sun fi kowa sani. Ko a 2024 sai da aka yi gangami aka kashe wata bayan ta hallaka mutum. Hoton da kowa ke so, na baki a wangame haƙora a waje, ba hamma ba ce ta barci, gargaɗi ne. Tana iya nutsewa kamar minti biyar, kuma ba lallai ta ɓullo inda ta nutse ba. Gwani yana ƙirga kawuna, in ɗaya ya ɓace ya ce a ja baya. Ba ya shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, ba ya kusantar mai ɗa. Dogon gilashi an yi shi ne don a tsaya nesa, ba don a cika firam da hanci ba.

Amma sarkin wahala shi ne ayu. Kusan duk hoton ayu da ka gani a intanet, cikin ruwa garau yana kallon kyamara, na ɗan'uwansa ne na Florida a Amurka, inda suke taruwa a idon ruwa mai haske kamar Crystal River lokacin sanyi. Namu na Afirka, wanda ke rayuwa daga Senegal har Angola, yana kuma hawa Neja da Binuwai har tafkin Kainji da sama da shi, cikin ruwa mai laka yake, ga tsoron mutum da ya koya da dalili. Dabba ce da kan kai mita uku, nauyinta ɗaruruwan kilo, amma abin da take nunawa duniya ramukan hanci biyu ne, na daƙiƙa biyu ko uku, ta ja iska ta koma. In ta tsorata tana iya yin wajen minti ashirin a ƙasa. Mai nemanta ba ita yake nema ba tukuna, sawunta yake bi: ciyawar bakin ruwa da aka datse daga ƙasa, guntayen kara na yawo, kashinta da ke tasowa saman ruwa, da wani lafaffen da'ira da bugun wutsiyarta ke bari a fuskar gulbi. In ya sami wurin sai ya saita kyamara a kan ruwan da babu komai, ya buɗe ido biyu, ɗaya a kyamara ɗaya a fili, ya kasa kunne. Sau da yawa hucin numfashin ake ji kafin a ga hancin.

Wani zai ce, hoton ramuka biyu a ruwan laka me zai tsinana? A ganina ya fi hoton faɗuwar rana dubu. Ayu na ƙarewa. Ana kashe shi don nama, ana kashe shi don man ayu da masu kayan mata ke tallarsa, yana maƙalewa a raga, madatsun ruwa sun raba shi da 'yan'uwansa, ga shi haihuwarsa ɗa ɗaya ce bayan shekaru. Tun 2013 yarjejeniyar CITES ta sa shi a rukunin farko, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ba a kuma iya kare abin da ba a san inda ya rage ba. A farkon shekarun 1970 wani masani, Michael Bigg, ya nuna a gaɓar yammacin Kanada cewa ana iya gane kowace orka da hoton fiffiken bayanta da tabon da ke gindinsa. Da hotuna aka gano ba su da yawan da ake zato, abin da ya taimaka aka daina kama su a can ana kai wa gidajen kallo. A Kamaru, Aristide Takoukam Kamla, wanda ke aikin ayu a tafkin Ossa, ya raba wa masunta wata manhajar waya mai suna Siren, suna ɗaukar abin da suka gani ko ya faɗa ragarsu su tura, da wuri da rana. Masuncin da a da ake wa kallon abokin gabar dabbar shi ya zama idon masu bincike.

Ta fuskar tsuntsaye hanyar ta riga ta buɗe a ƙasar nan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, wadda aka fi sani da APLORI, ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, akwai ma ayarin matasan arewa da ke wannan yawo. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, mutum ya shiga ya rubuta duk abin da ya gani. In ya ce ya ga baƙon tsuntsu, hoto ne shaidarsa. Wani lokaci hoton kan kama zoben da aka sa wa tsuntsu a ƙafa a wata ƙasa, a karanta lambar a san daga inda ya taso. Dausayin Haɗejiya da Nguru ya sami masu ƙirga tsuntsayensa shekara da shekaru. Kwarin Gulbin Kabi, daga Argungu ya bi ta Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza har ya faɗa Neja, bai sami irin wannan kulawa ba, ga shi kuwa yana sauya kama. Madatsun Bakolori da Goronyo sun canza yadda ambaliya ke zuwa, noman rani kuma ya bunƙasa ƙwarai tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi a 2015. Wane tsuntsu ne ya ƙaru da wannan, wane ne ya gudu? Gauraka da kakanninmu suka saba jin kukanta a fadama ta yi wuyar gani a Najeriya yanzu. Hoto mai kwanan wata shi zai riƙe irin wannan labari.

Akwai ladabin sana'ar da ba a rubuta a jikin kyamara ba. A Svalbard hukuma ce ta gindaya shi, tun farkon 2025 doka ta hana kusantar farin beyar na ƙanƙara ƙasa da mita 300. A bakin gulbinmu hankali ne doka. Ana fara gaida mai gari da Sarkin Ruwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, musamman a zamanin nan da baƙo mai dogon baƙin ƙarfe a kafaɗa, yana rarrafe a ciyawa, zai iya jawo wa kansa abin da bai shirya ba. Ba a juya kyamara wajen mashayar da mata ke wanka da wanki. Ba a taka shukar mutane. Ba a jifan garke don ya tashi a sami hoto, domin tsuntsun da zai ƙetare hamada kowane tashin banza daga guzurinsa ake cira. In kuma Allah ya ba mutum hoton ayu, ba ya sa ainihin wurin a Facebook, sai ya tura wa masu bincike kaɗai, don masu mashi ma suna da waya.

Kayan aikin da tsada, ba a musu. Dogon gilashi mai kyau sai wane da wane. Amma ɗan Gwandu da ke son koyo ba sai ya jira shi ba, ba ma sai ya je gulbi ba. Da an shiga Afrilu da Mayu shamuwa za ta iso daga kudancin Afirka ta ɗora sheƙa a itatuwan cikin gari, bisa kan mutane, ba ta tsoron kowa don ba a taɓa ta. Wayar hannu ta isa, in an haɗa bakinta da madubin hangen nesa ma ta ƙara kusantowa. A kanta zai koyi ta ina take sauka in iska ta juya, da ƙarfe nawa take kawo wa 'ya'ya fara da kwaɗi, da yadda baƙin bayanta da farin cikinta ke rikita kyamara a hoto ɗaya. Kafin 'ya'yan su yi fiffike ta kwashe su su yi kudu a ƙarshen damina, yana da wata huɗu zuwa biyar na darasi kyauta, kuma daidai lokacin da take tafiya baƙin arewa ke fara sauka a fadamar Kalgo.